Waldar da Ba Ta Narka Ƙarfe



Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban rumfar mai walda, ko a Panteka ta Kaduna ne, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko kuwa a bakin titin garinsu, ya ga yadda wutar nan mai shuɗin haske take tartsatsi har mai wucewa ya kau da kai, to ya riga ya san ƙa'idar da aka gina sana'ar a kanta, ko da ba wanda ya karantar da shi: in ana so ƙarfe biyu su zama ɗaya, sai a narka bakin wannan, a narka bakin wancan, a ƙara musu narkakkiyar sandar walda a tsakani, sa'an nan a bar su su huce su daskare tare. A kan wannan ƙa'ida aka ƙera jiragen ruwan ƙarni na ashirin, da gadoji, da bututun mai, da ƙofofin gidajenmu, ta kuwa zauna daram a zukatan ma'abota sana'a, har ta kai ana ganin walda da narkarwa abu ɗaya ne. To, yau ina so mu yi nazari a kan wata hanya da ta saɓa wa wannan ƙa'ida, wadda masana suka shafe fiye da shekara 30 suna bincike a kanta, ta yi nasara ƙwarai a kan wani ƙarfe, ta kuma ci tura har yanzu a kan wani.

Mu fara da ƙarfen da ya jawo maganar, wato alminiyam, farin ƙarfen nan mara nauyi da ake zuba tukwane da shi, wanda waɗansu ke kira sanholo. Nauyinsa kimanin sulusin na baƙin ƙarfe ne, ba ya kuma tsatsa irin tasa, shi ya sa masu ƙera jiragen sama da na ruwa da na ƙasa suke ƙaunarsa. Amma tambayi kowane mai walda, zai gaya maka da wuya a sami ƙarfen da ya fi shi taurin kai a bakin wuta. Shi kansa yana narkewa a digiri 660, alhali wata 'yar fata siririya da iska ke haifarwa a bayansa ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, saboda haka sai cikinsa ya zama ruwa fatar tana nan ƙememe. Ga shi da saurin shan zafi ya watsa ko'ina, ga shi ba ya yin ja kafin ya narke balle ya yi wa mai aiki gargaɗi, sai dai kawai a ga ya zube. In ya narke yakan haɗiye iskar haidurojin, in ya zo daskarewa ya amayar da ita, ta bar ƙananan ramuka a cikin ɗinkin, farantin kuwa ya lanƙwashe ya karkace saboda yawan zafin da ya sha. Wannan duk da sauƙi, gama da waldar agon da gwanin hannu ana shawo kansa. Babbar mas'alar tana wajen irin alminiyam mafi ƙarfi, wanda aka gauraya da jan ƙarfe, ko da tutiya da magnisiyam, wanda masana suka ba lambobin 2000 da 7000, shi ne kuwa ake yin fukafukan jirgin sama da gangar jikinsa da shi. Mafi yawan waɗannan, in an narka su, sai ɗinkin ya tsage tun yana cikin hucewa, har ma'abota ilmin suka kusa yin ittifaƙi a kan cewa ba su walduwa. Wanda ya taɓa zama kusa da tagar jirgin sama ya dubi fiffike, ya ga kawunan ƙusoshi jere reras, dubbai a kan dubbai, to sakamakon wannan hukunci ya gani: kowace ƙusa sai an huda mata rami, kowane rami kuwa ƙarin aiki ne, kuma ƙofa ce da tsaga za ta iya farawa daga gare ta.

A watan Disamba na 1991, wani injiniya mai suna Wayne Thomas, tare da abokan aikinsa a Cibiyar Walda ta Birtaniya, wadda ake taƙaita sunanta da TWI, da ke Abington kusa da birnin Kambirij, suka shigar da takardar neman haƙƙin mallakar wata dabara. Ba su suka fara lura da cewa guga tana haifar da zafin da zai iya manne ƙarfe ba, domin tun a 1956 wani ma'aikacin injin fiƙe ƙarfe a Tarayyar Sobiyet, mai suna Chudikov, ya nuna cewa in aka juya sandar ƙarfe da gudu aka danna bakinta a kan bakin wata, sukan yi zafi su haɗe. Sai dai fa'idar wannan ta tsaya ga abu mai zagaye, kamar sanda ko bututu, tun da ba mai iya ɗaukar farantin jirgin ruwa ya juya shi. Hikimar Thomas ita ce ya bar farantan biyu a kwance yadda suke, ya kawo abu na uku ya juya a tsakaninsu.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai taɓa gani ba. Akan kawo faranti biyu a gwama bakinsu, a shimfiɗa su a kan teburin ƙarfe mai kauri, a ɗaure su tamau ta yadda ko motsi ba za su yi ba. Daga sama sai injin ya sauko da wata gajeruwar sanda ta ƙarfe mai tauri, mai faffaɗar kafaɗa, a tsakiyar kafaɗar kuwa akwai ɗan tsinke mai zare irin na noti, wanda tsawonsa ya gaza kaurin farantin da kaɗan. Sandar tana juyawa sau ɗaruruwa a minti guda, wani lokaci fiye da dubu. Tsinken ya nutsa a daidai layin haɗin a hankali, har kafaɗar ta zauna a bayan farantin tana gugarsa; a ɗan dakata, zafi ya taru ya kai wajen digiri 400 zuwa 500, alminiyam ya yi laushi tuɓus amma bai zama ruwa ba. Sa'an nan sandar ta kama tafiya bisa layin, tana kwasar ƙarfe mai laushi daga gabanta, tana zagayawa da shi tana ajiyewa a bayanta, kafaɗar kuwa tana danne shi da nauyin da kan kai tan guda ko fiye, don kada ya tsiyayo sama. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo ta san wannan aiki a hannunta, yadda muciya ke keta tuwon da ya yi kauri, yana buɗewa a gabanta yana rufewa a bayanta, har gari da talge su zama abu ɗaya ba gudaji. Ita ce waldar tuƙi. Babu tartsatsi, babu hasken da ke kashe ido, babu sandar walda da ake ƙonawa. Abin da kunne zai ji gunjin injin ne kawai, abin da ido zai gani a bayan sandar kuwa layi ne sumul mai ƙyalli, ɗauke da zane baka-baka a jere. A cibiyar ta TWI an haɗa farantan alminiyam masu kaurin milimita 75 ta wannan hanya a zuwa ɗaya.

Kada mai sauraro ya ɗauka haɗa ƙarfe ba tare da narkarwa ba bidi'a ce mara asali. Maƙeranmu na gargajiya, tun ba a san lantarki ba, in za su haɗa ƙarfe biyu, sukan zuga su a wuta har su yi fari, su ɗora ɗaya bisa ɗaya a kan uwar maƙera, su yi ta dukansu da masaba har su zama guda. Daga nan ne ma muka sami karin maganar da ke cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Zafi da matsi su ne rukunnan aikin a can, su ne kuma a nan. Ba na kuwa iya yin wannan zance ban tuna cewa ni'imar da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa Annabi Dawuda, alaihis salam, tausasa masa ƙarfe ce. Waccan mu'ujiza ce wadda ba a kwatanta ta da aikin inji, amma ta isa ta nuna mana darajar wannan fanni a cikin fannonin ilmi.

To, me ke faruwa a baɗinin ƙarfen? Nan ne aikin masu bincike yake, kuma aiki ne na haƙuri wanda ba ya shiga labaran duniya. Sukan yanko ɗan yanki daga ɗinkin, su goge shi har ya zama kamar madubi, su shafa masa ruwan asid, su sa shi a ƙarƙashin na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Ƙarfe, kamar yadda suka tabbatar, tarin ƙwayoyi ne manne da juna, gwargwadon ƙanƙantarsu kuwa gwargwadon ƙarfinsa. A tsakiyar ɗinkin, inda tsinken ya bi, sai suka tarar ƙwayoyin sun wargaje sun sake haifuwa ƙanana ƙwarai, fatar nan mai taurin kai ta farfashe ta bazu, ba rami ba tsaga, saboda ba abin da ya narke balle ya daskare. A gefen wannan akwai yankin da ƙwayoyinsa suka lanƙwashe amma ba su sabunta ba. A bayansa kuma akwai yanki na uku, wanda tsinken bai taɓa ba, zafi kaɗai ya shafe shi. A nan ne rauni ke ɓuya. Irin alminiyam ɗin da ya sami ƙarfinsa ta hanyar gashi da sanyayawa a masana'anta, in zafin walda ya ratsa shi sai wani ɓangare na wannan ƙarfi ya tafi, in aka ja haɗin da inji har ya tsinke, galibi a wannan yanki na uku yake tsinkewa. Saboda haka wanda ya ce waldar tuƙi ba ta rage wa ƙarfe komai ya wuce gona da iri. Abin da hujja ta tabbatar shi ne ragin bai kai na waldar wuta ba, farantin ba ya karkacewa kamar yadda yake yi a can, kuma abin da a da aka ce ba ya walduwa yanzu yana walduwa.

Sun kuma gano cewa ɓangarorin ɗinkin biyu ba ɗaya suke ba, domin a ɗaya juyin sandar da tafiyarta sun fuskanci wuri guda, a ɗayan kuwa sun saɓa, aibi kuma ya fi son ɓangaren farko. In juyi ya yi yawa tafiya ta yi kaɗan, zafi ya wuce kima, ƙarfen ya tsiyayo gefe-gefe ɗinkin ya rame. In tafiya ta yi sauri juyi ya gaza, ƙarfen bai yi laushin da zai cike bayan tsinken ba, sai a bar wani dogon rami a ciki wanda ba a ganinsa daga waje. Tsakanin waɗannan biyu akwai tsaka-tsakin da ake nema, kowane irin gauraye da nasa, kowane kauri da nasa, kowace siffar tsinke da nata, ba kuma a samunsa sai da jarrabawa bayan jarrabawa. A 2005, Rajiv Mishra da Z. Y. Ma suka tattara abin da aka sani zuwa lokacin a cikin wani dogon nazari, wanda har yau da wuya ɗalibin wannan fanni ya rubuta kundi bai koma gare shi ba.

Masana'antu ba su jira an gama bincike ba. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Sapa na Suwidin ya fara haɗa farantan daskarar da kifi na jiragen kamun kifi da ita, a 1996 kuma kamfanin Marine Aluminium da ke Haugesund a Norwe ya shiga yin benen jiragen ruwa. Kamfanin Hitachi na Japan ya ɗauke ta don gangar jikin jiragen ƙasa. Wani ƙaramin jirgin sama na Amurka, Eclipse 500, ya rabu da ƙusoshi fiye da 7,000 ta dalilinta. Kamfanin Apple ya haɗa gaba da bayan kwamfutarsa iMac ta 2012 da ita, lokacin da bakin kwamfutar ya sirance zuwa milimita 5. A Suwidin kuma ita aka zaɓa don rufe murfin tukwanen jan ƙarfe masu kaurin santimita 5, waɗanda za a binne sharar nukiliya a cikinsu na shekaru dubbai. Amma inda aka fi gwada ta gwaji mai tsanani shi ne tankunan roka. A 1999 rokar Delta II ta kamfanin Boeing ta tashi da sashen da aka haɗa da waldar tuƙi. Hukumar NASA, wadda ta sha wahala wajen walda da gyaran tankin kumbonta bayan ta koma ga gaurayen alminiyam da litiyam, ita ma ta rungume ta, har ta gina a masana'antarta ta Michoud, a jihar Luwiziyana, wani injin walda mai tsayin kimanin mita 52, wanda da shi aka haɗa tankunan rokar da ta tashi zuwa wata a Nuwamban 2022. Tankin nan yana ɗauke da ruwan haidurojin mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifiri, yana girgiza da ƙarfin da ba ya misaltuwa, tsaga ɗaya kuwa ta isa ta hallaka kome. A aikin NASA ne ma aka magance wani aibi na asali, wato ramin da tsinken ke bari a ƙarshen layi in an zare shi, wanda a jikin tanki mai zagaye ba inda za a kai shi a yanke. Injiniyoyin cibiyar Marshall a Alabama suka ƙera tsinken da ke janyewa cikin kafaɗa sannu a hankali yana tafe, har ramin ya rufe kansa.

Yanzu mu zo ga baƙin ƙarfe, inda labarin ya sauya. A hankalce, abin da ya yi a kan alminiyam ya kamata ya yi a nan, an kuwa gwada tun cikin shekarun 1990 an ga yana yi, ɗinkin ma yakan fito da kyau, farantin bai karkace ba. Mas'alar tana ga sandar. Lokacin da ake tuƙa alminiyam, sandar baƙin ƙarfe ce mai tauri, wadda digiri 500 bai dame ta ba, takan yi ɗaruruwan mitoci, har ta kai dubu, ba ta gaji ba. Amma baƙin ƙarfe ba ya laushi sai zafi ya kai wajen digiri 1,000 ko fiye, sandar tana jajir kamar garwashi, ana danna ta da nauyin tan da yawa, ana kuma jan ta cikin abin da ko da ya yi laushi yana da sauran ƙarfi. To da wane jauhari za a ƙera abin da zai tuƙa baƙin ƙarfe, shi bai tuƙu ba? Daimon, wanda ya fi kome tauri, ba ya yi, domin a wannan zafi baƙin ƙarfe cinye shi yake. Masu bincike sun tsaya a kan abu biyu. Na farko wani haɗi ne na boron da naitirojin, wanda ake matsawa a zafi da nauyi mai tsanani har ya zama na biyu ga daimon a tauri, an kuma yi aiki mai yawa a kansa a jami'ar Brigham Young da kamfanin MegaStir a jihar Yuta ta Amurka. Yana jure guga, amma gaggautsa gare shi, girgiza kaɗan sai ya tsage. Na biyu gaurayen tangistan ne, ƙarfen da ba ya narkewa sai a digiri 3,422, da reniyam, wanda yana cikin mafi ƙarancin ma'adinai a bayan ƙasa; wannan ba ya tsagewa da sauƙi, amma yana zaizayewa, ya bar ɓurɓushinsa a cikin ɗinkin. Kowannensu kuɗinsa dubban daloli ne, rayuwarsa kuwa da gomiyoyin mitoci ake ƙirga ta.

Sai mai sauraro ya ɗora wannan a ma'auni. Alminiyam mai ƙarfi ba shi da wata hanya mai kyau kafin waldar tuƙi, saboda haka ko da tsada an karɓe ta hannu bibbiyu. Baƙin ƙarfe kuwa yana walduwa da wuta lami lafiya, da araha, a hannun miliyoyin ma'aikata da suka gwanance, wanda duk ya zo da sabuwar hanya wajibi ne ya kawo hujjar da ta rinjayi wannan. Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani bincike mai suna HILDA daga 2012 zuwa 2015, wanda jami'ar Strathclyde ta birnin Gilasgo ta jagoranta, a kan irin baƙin ƙarfen da ake ƙera jirgin ruwa da shi, ya kuwa nuna ana iya ƙara saurin tafiyar sandar ƙwarai ba tare da ɗinkin ya lalace ba. A jami'ar Osaka ta Japan, Hidetoshi Fujii da abokan aikinsa sun nuna abin da a ganina ya fi wannan muhimmanci: baƙin ƙarfe mai yawan kabon, wanda in an yi masa waldar wuta yakan yi tauri mai gaggautsa ya tsage, ana iya tuƙa shi a hankali, a tsare zafin ƙasa da kimanin digiri 727, iyakar da in an haura ta tsarin ƙwayoyinsa ke juyewa, sai a sami haɗi mai ƙarfi mara gaggautsa. Ra'ayina shi ne nan makomar waldar tuƙi take a kan baƙin ƙarfe, wato a wuraren da wuta ta gaza, kamar ƙarfe mai yawan kabon, da siraran farantan da karkacewarsu ke cin kuɗin gyara. Amma cewa za ta kori waldar wuta daga gadoji da bututu, wannan ba zai yiwu ba sai ranar da aka sami sanda mai araha mai tsawon rai, ranar kuwa ba ta zo ba tukuna.

Akwai mas'ala ta uku, wadda ta haɗa biyun farko, ita ce aurar da alminiyam ga baƙin ƙarfe. Masu ƙera mota suna bukatar wannan matuƙa, don su sa mai ƙarfi inda ake son ƙarfi, su sa mara nauyi inda ake son sauƙi, mota ta rage shan mai. Da wuta abin ya yi kusa da mustahili, domin kafin ɗaya ya fara laushi ɗayan ya daɗe da zama ruwa, in kuma suka cakuɗa a narke sai su haifi wani abu na uku a tsakaninsu, mai tauri, mai fashewa kamar gilashi. Binciken da aka yi ya nuna ba a iya hana wannan shimfiɗa samuwa ɗungum, hasali ma ita ce ke riƙe haɗin. Abin nema shi ne ta kasance siririya ƙwarai, kada ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Dabarar kuwa ita ce a karkatar da tsinken ya nutsa cikin alminiyam, gefensa kawai ya riƙa kankarar fuskar baƙin ƙarfen yana tsabtace ta, alminiyam mai laushi yana mannuwa a kai. Takehiko Watanabe da abokan aikinsa a Japan sun ba da rahoto a 2006 cewa da wannan hanya sun sami haɗin da ya kai kimanin kashi 86 cikin ɗari na ƙarfin alminiyam ɗin. Kamfanin Mazda, wanda a 2003 ya fara yin waldar tuƙi ta ɗigo-ɗigo a ƙofofin baya na motarsa RX-8, ya haɗa ƙarafan biyu a murfin but na MX-5 a 2005. A 2012 kuma Honda ta ba da sanarwar cewa ƙashin da ke ɗauke da injin sabuwar Accord, rabi alminiyam rabi baƙin ƙarfe, ya fi na da sauƙi da kashi 25 cikin ɗari, lantarkin waldarsa kuma ya ragu da kusan rabi.

Abin da ya fi burge ni a sanarwar ta Honda shi ne ba su tsaya ga walda ba, sai da suka ƙera na'urar da ke duba kowane ƙashi ɗaya bayan ɗaya kafin ya bar masana'anta. Dalili kuwa, wannan walda tana da wani aibi mai hatsari wanda zahirinsa lafiya ne: fuskokin biyu su taɓa juna, su matsu, amma ba su haɗe ba, sawa'un don tsinken ya gaza kaiwa gindi ko don zafi ya yi kaɗan. Ido ba ya ganinsa, hoton da ake ɗauka da haske mai ratsa ƙarfe ma sau da yawa yakan wuce shi, sai bayan shekaru ana amfani tsaga ta taso daga nan. Walda amana ce, domin mai hawa jirgi ko mota ya miƙa ransa ga ɗinkin da bai taɓa gani ba, bai kuma san wanda ya yi shi ba. Shi ya sa nake ganin wahalar da aka sha wajen koyon gano wannan aibi, da ƙa'idar da hukumar ma'aunai ta duniya ta fitar a 2011 mai lamba ISO 25239, darajarsu ba ta gaza ta ƙirƙirar kanta ba. Haka nan akwai amanar lafiyar ma'aikaci, tun da a 2017 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, duk hanyar da ta rage wannan hayaƙi kuwa rahama ce.

Ba zan ruɗi kowa da cewa gobe za a ga wannan inji a rumfunan bakin titi ba. Yana bukatar teburi mai nauyi, da ɗauri mai ƙarfi, da lantarki tsayayye, ya kuma fi dacewa da dogon layi miƙaƙƙe da ake maimaitawa. Amma nahiyarmu ba baƙuwa ba ce a fannin. A Afirka ta Kudu, jami'ar Nelson Mandela da ke birnin da a da ake kira Port Elizabeth ta daɗe tana wannan bincike a ƙarƙashin Farfesa Danie Hattingh, har suka fitar da wata dabara ta guga da kamfanin lantarki na Eskom ke amfani da ita wajen ɗebo samfuri daga bututun tashoshinsa a toshe gurbin. A can ne kuma wata 'yar Nijeriya, Esther Akinlabi, wadda ta yi digirinta na farko a Akure, ta yi digirin digirgir a kan haɗa alminiyam da jan ƙarfe da waldar tuƙi, daga baya ta zama farfesa a jami'ar Johanasbag. Wannan haɗi kuwa bukatarmu ce ta yau da kullum, a taransifoma, da batura, da wayoyin lantarkin hasken rana da ke yaɗuwa a garuruwanmu. Ƙasar Gini tana cikin mafi arzikin duniya a ma'adinin da ake fitar da alminiyam daga gare shi, amma ɗanye ake kwashe mafi yawansa; a Nijeriya kuwa, masana'antar narka shi ta Ikot Abasi da ta baƙin ƙarfe ta Ajakuta kowa ya san halin da suke ciki, abin yana kuma ci mini rai.

Malamanmu, irin su Imamu Gazali, sun tafi a kan cewa sana'o'in da al'umma ba ta tsayuwa sai da su farilla ce ta kifaya, in waɗansu suka ɗauka an sauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Wa'adin shekara 20 na haƙƙin mallakar farko ya daɗe da ƙarewa, ba wanda zai nemi a biya shi kafin a gwada. Siririn farantin alminiyam kuma ba ya bukatar injin miliyoyin daloli: injin sassaƙar ƙarfe na tsaye, irin wanda ke ajiye a ɗakunan aikin jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, yana iya yin aikin in an ƙera masa sanda an gyara masa teburi, da haka ɗalibai da yawa a ƙasashe masu tasowa suka fara. Saboda haka ina kira ga shugabannin sassan injiniya a Zariya da Kano da Bauchi da Maiduguri da Yamai, su duba injinan da ke hannunsu, su ware ɗaya, su ba ɗalibai biyu ko uku masu himma wannan aiki. Ina kuma kira ga asusun TETFund da masu hannu da shuni su taimaka da na'urar gwada ƙarfin haɗi da ta duba cikinsa, domin ɗinkin da ba a gwada ba ba a kafa hujja da shi. Ku kuma ɗalibai da ke saurarena, wanda duk yake neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ya je wa malaminsa da wannan magana a makon nan.